Zoben Tumbi: Tarihinsa da Asalin Dokokin Zama da Shi

A shekarar 2008, cikin kowace tiyatar rage ƙiba 100 da aka yi a duniya, kimanin 42 na zoben tumbi ne. Shekara uku bayan haka adadin ya faɗo ƙasa da 18. A Amurka, inda a 2011 zoben ke da kashi 35 cikin 100 na irin wannan tiyata, kafin 2019 rabonsa ya koma wajen kashi 1. Da wuya a samu wata na'urar asibiti da ta yi tashe haka, ta kuma dusashe da irin wannan sauri.

Sai dai janye hannun likitoci bai fitar da zoben daga cikin mutanen da aka riga aka saka wa ba. Dubban ɗaruruwa ne aka yi wa wannan aiki, ciki har da masu hali da suka je ƙasashen waje neman magani, suka dawo gida riƙe da takardar sallama mai jerin hani da umarni: ruwa-ruwa kawai na makonni, ƙaramar loma, tauna mai yawa, komawa asibiti a kai a kai. Majinyaci kan ɗauki waɗannan a matsayin tsananin likitoci. Alhali kusan kowace doka a cikinsu ta samo asali ne daga wata matsala da ta auka wa marasa lafiya na gaske, a wani asibiti, a wata shekara da aka sani. Wanda ya san tarihin zai fi gane wace doka ce ta jin daɗi, wace ce ta ceton rai.

Zamanin yanke hanji

Likitocin farko ba su fara da tumbi ba, hanji suka nufa. A 1952 wani likitan fiɗa ɗan Suwidin, Viktor Henrikson, ya ba da rahoton yanke fiye da mita ɗaya na ƙaramin hanjin wata mata domin ta rame. Jim kaɗan likitoci a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka ɓullo da wata dabara: maimakon a yanke hanjin a yar, sai a haɗa farkonsa da ƙarshensa, abinci ya tsallake tsakiyar. A salon da ya fi yaɗuwa cikin shekarun 1970, ƙasa da rabin mita ake bari yana aiki, a hanjin da tsawonsa ya kai wajen mita shida.

Mutane sun rame sosai. Amma bayan watanni da shekaru sai gudawa marar tsayawa, tsakuwar ƙoda, ciwon gaɓoɓi da lalacewar hanta suka biyo baya, wasu har suka rasa rayukansu. Zuwa farkon shekarun 1980 an yi watsi da tiyatar. Abin da ta bari shi ne fahimtar cewa illar tiyatar ƙiba takan ɓoye shekaru kafin ta bayyana. Daga nan ne aka gaji ƙa'idar gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara har ƙarshen rayuwa, ko da mutum yana jin garau.

A 1966 Edward Mason na Jami'ar Iowa ya karkata ga tumbi. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame, kuma ƙibar ba ta cika dawowa ba. Sai ya raba tumbin gida biyu, ya bar 'yar jaka a sama, ya haɗa ta kai tsaye da hanji. Wannan tiyatar kewaye tana nan har yau, tana kuma cikin mafi inganci. Amma a lokacin sai an tsaga ciki tsaga babba, kuma idan ɗinki ya yi yoyo mutum na iya mutuwa. Likitoci suka shiga neman hanyar da ba yanka tumbi, ba ɗinke hanji.

Zoben da ba ya sassautawa

Amsar da suka samu ita ce a ɗaure tumbin daga waje. A 1978 Lawrence Wilkinson a jihar New Mexico ya zagaye saman tumbi da wani ƙyallen roba mai raga-raga, wasu likitoci a Texas da Noway suka bi sahu da nasu kayan. Dabarar ta yi kama da mai sauƙi, amma tana da aibi ɗaya babba: faɗin ƙofar da abinci zai bi, sau ɗaya ake yanke shi, a ɗakin tiyata, majinyaci yana cikin barcin allura. In ta yi faɗi, mutum ba zai rame ba. In ta matse, sai amai ba dare ba rana, kuma ba gyara sai an sake buɗe ciki.

A nan likitoci suka ga wani abin da ba su zata ba. Wanda zobe ya matse wa ba ya daina cin abinci, sauya abincin yake yi. Nama da ganye sun ƙi wucewa, sai ya koma ga madara, lemon kwalba, alewa da duk abin da ke zamewa ba tauna. Sai a wayi gari yana amai kullum, kuma nauyinsa na ƙaruwa. Dokar hana shan abin zaƙi ta fito ne daga nan. Zobe ba shi da iko a kan ruwa: kunu mai sukari, zoɓo, fura da nono, shayi mai kauri, duk wucewa suke kamar ba a ɗaura komai ba.

Gyaran ya zo daga wurare biyu kusan lokaci guda. A 1985 Dag Hallberg da Peter Forsell a Stockholm, sannan a 1986 Lubomyr Kuzmak, likita ɗan asalin Yukiren da ke aiki a New Jersey, suka fito da zoben robar silikon mai balan-balan a cikinsa. Wani siririn bututu ya tashi daga zoben zuwa wata 'yar mashiga mai faɗin kwabo da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki. Likita ya soka allura ta fata ya ƙara ruwan gishiri, zobe ya matse. Ya zuƙe ruwan, zobe ya saki. Aikin mintuna kaɗan ne, ba sai an kwantar da mutum ba.

Wannan ƙirƙira ta sauya ma'anar tiyatar gaba ɗaya. Aikin ɗakin tiyata ya zama shimfiɗa kawai, ainihin jinyar ta koma ɗakin ganin likita, inda za a yi ta ƙari da ragi na watanni da shekaru. Ba kowa ne ya lura da nauyin wannan sauyi ba a lokacin.

Daga Huy zuwa allunan talla

A watan Satumba na 1993, a garin Huy na Beljiyam, Mitiku Belachew, likitan da aka haifa a Habasha, wanda ya yi kiwo yana yaro, ya saka zoben da aka ƙera musamman domin a shigar da shi ta 'yan ƙananan huji, ana kallo da kyamara. Shi ne aka sani da suna Lap-Band. Majinyacin da a da zai yi kwanaki a gado da doguwar tsaga, yanzu kwana ɗaya ko biyu ya tafi gida. Turai da Ostireliya suka rungume shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yuni na 2001, a 2011 kuma ta faɗaɗa izinin zuwa masu ƙiba matsakaiciya da ke da wata cuta mai alaƙa da ita, kamar ciwon sukari.

Akwai hujjar kimiyya a bayan wannan karɓuwa. A 2008 John Dixon da abokan aikinsa a Melbourne suka wallafa gwajin da suka yi da masu ciwon sukari 60. Bayan shekara biyu, ciwon ya lafa a kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka saka wa zobe, a ɗaya rukunin kuwa, da aka bi da magani da gyaran abinci, kashi 13 ne kawai.

Amma kasuwa ta fi kimiyya sauri. A kudancin California manyan allunan talla na 1-800-GET-THIN suka cika bakin tituna, suna nuna tiyatar kamar aski. Jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin mutum biyar da suka mutu tsakanin 2009 da 2011 bayan an yi musu aikin a cibiyoyin da ke da alaƙa da tallar. A watan Disamba na 2011 hukumar magunguna ta aika wa kamfanin tallar da cibiyoyi takwas wasiƙun gargaɗi, saboda ba su bayyana haɗarin yadda ya kamata ba. Abin da aka sayar wa jama'a shi ne aikin awa ɗaya. Shekarun da za su biyo baya ba su samu wuri a allon ba.

Dalilin makonni shida

Matsalar da ta fi addabar shekarun farko ita ce zamewa: ƙasan tumbi ya kutsa ta cikin zoben ya koma sama, jakar ta kumbura, ƙofa ta toshe. Likitoci suka sauya hanyar da suke ratsa zoben ta bayan tumbi, abin ya ragu ƙwarai. Sauran rigakafin yana hannun majinyaci. A lokacin aiki ana naɗo wani sashe na tumbi a rufe zoben da shi a ɗinke, kuma jiki na buƙatar makonni kafin ya yi tabon da zai riƙe shi daram. Amai mai ƙarfi ko loma mai tauri a wannan tsakani na iya ɓalle ɗinkin.

Shi ya sa aka tsara abincin mataki-mataki. Mako ɗaya ko biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: romo tatacce, madara marar maiƙo, ruwa da kurɓi-kurɓi har a kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. Sai mako biyu na abin da aka niƙa ya yi laushi kamar koko mai kauri. Sai mako biyu na abinci mai taushi, irin su dafaffen ƙwai, kifi da wake da ya nuna lugub. Asibitoci sun ɗan bambanta a lissafin kwanakin, kuma tsarin wanda ya yi aikin shi ake bi.

Galibi ana barin zoben ba ruwa, ko da ɗan kaɗan, har sai mako huɗu zuwa shida. Don haka yunwa a wannan lokaci ba alamar aikin ya lalace ba ce, kuma ba lokacin hawa sikeli kullum ba ne. Ana so majinyaci ya fara tattaki tun ranar aikin domin kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, ya kuma guji ɗaukar kaya mai nauyi na wasu makonni. Ciwon kafaɗa na kwanakin farko daga iskar da aka hura cikin ne, yakan wuce. Zazzaɓi, kumburin sha-raɓa, ƙarancin numfashi, ko rauni mai ja da ruwa, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Abin da aka gano a Melbourne

An daɗe ana zaton zoben yana aiki kamar mazurari: abinci ya taru a jakar sama, ya riƙa ɗiga a hankali. Bisa wannan zato majinyata da likitoci da yawa suka ɗauka ƙara matsi shi ne ƙara nasara. Binciken da Paul Burton da abokansa suka yi a Jami'ar Monash wajen 2010 ya nuna ba haka ba ne. In zobe ya daidaita, abinci ba ya kwana a samansa. Bututun abinci ne ke matsa kowace loma, sau da yawa a jere, har ta ratsa cikin ɗan lokaci, kuma wannan matsawa ce ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Aikin zoben kashe yunwa ne, toshe hanya kuwa alamar an wuce gona da iri ce.

Dokokin cin abinci daga nan suka samu ma'ana. Loma ƙarama, kamar cikin ƙaramin cokali. A tauna har ta zama ruwa. A ajiye cokali, a jira kamar minti ɗaya kafin ta gaba, don kada ta biyu ta tarar da ta farko a ƙofa. Bayan minti 20 zuwa 30 a tashi, ko da saura a kwano. A fara da abinci mai gina jiki, sannan ganye, hatsi ya zo ƙarshe. Asibitoci da yawa suna kuma hana shan ruwa tare da abinci da abin sha mai gas.

Ga wanda ya tashi da tuwo, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin lomar tuwo haɗiya ake yi, miya ta raka ta. Irin wannan loma, da burodi mai laushi, gurasa, shinkafa da busasshen nama kamar kilishi, su ne suka fi maƙalewa. Ci a tire ɗaya da jama'a ma yakan sa mutum bin saurin hannun wasu, ga mai masauki yana cewa a ƙara. Ɗiba a ƙaramin kwano tun farko, da sanar da na kusa halin da ake ciki, sun fi kunyar tashi a guje a tsakiyar biki. Haka lokacin buɗa-baki: maƙogwaro a bushe, yunwa na ingiza hannu, sai a fara da ruwa a hankali, a jinkirta abinci mai ƙarfi. Batun azumi a watannin farko kuwa sai da shawarar likita.

Paul O'Brien, wanda ya jagoranci cibiyar Melbourne a lokacin, ya sauƙaƙa maganar matsi da launi uku. Rawaya: yunwa da wuri, cin da yawa, ana buƙatar ƙarin ruwa. Kore: ɗan abinci ya ƙosar na awoyi, ba amai, nauyi na sauka kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ja: haɗiya da ƙyar, ƙwannafi, tarin dare, dawowar abinci. Wanda ke cikin ja rage ruwa yake buƙata, ko da yana murna da ramar da yake yi, domin zama a haka yakan buɗa bututun abinci ya kuma jawo zamewa.

Wasu alamun ba sa jiran ranar ganin likita. Wanda ya kasa haɗiye ruwa ko yawunsa, ko yake da ciwon ciki mai tsanani tare da amai, yana buƙatar a zuƙe ruwan zoben nan take, saboda tumbin da ya zame jini na iya daina isa gare shi. Aman da ya ɗauki makonni yakan ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma na taɓa ƙwaƙwalwa. Dawowar yunwa farat ɗaya, musamman in wurin mashigar ya yi ja ko ƙurji, na iya nufin zoben ya ci bangon tumbi ya shige ciki. Saboda kare wannan bango ne ake hana magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Mace kuma ana ba ta shawarar jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ta samu kuma ta sanar da wuri, don wani lokaci akan sassauta zoben.

Birane biyu, sakamako biyu

A 2011 Jacques Himpens ya wallafa abin da ya samu bayan ya nemo majinyatan da aka yi wa aikin a wani asibitin jami'a na Brussels tsakanin 1994 da 1997. Cikin 151 ya samu 82. Bayan shekara 12 ko fiye, kusan rabinsu an cire musu zoben, kimanin kashi 60 cikin 100 an sake yi musu tiyata, kuma a kashi 28 zoben ya ci bangon tumbi.

A 2013 O'Brien ya fito da nasa lissafin na mutum 3,227 da aka yi wa aikin a Melbourne daga 1994 zuwa 2011. Ba wanda ya mutu sakamakon tiyatar. Waɗanda suka kai shekara 15 sun zubar da kimanin kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu, wato abin da ya haura nauyin da ya dace da tsawonsu. Waɗanda aka cire wa zoben ba su kai kashi 6 ba.

Dole a yi adalci wajen kwatanta su. Majinyatan Brussels an yi musu aiki da tsohuwar dabara, cibiyar Melbourne kuma ta karɓi tallafin bincike daga kamfanin da ke sayar da zoben. Ko a Melbourne ɗin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu sun koma tiyata saboda jakar sama ta buɗe, kashi ɗaya cikin biyar kuma saboda matsalar mashiga ko bututu. Duk da haka babban bambancin a fili yake: a Melbourne an gina tsarin da majinyaci ke dawowa sau da yawa a shekarar farko, ya kuma ci gaba da zuwa har abada. Inda aka samu wannan, zoben ya yi aiki daidai gwargwado. Yawancin asibitocin duniya ba su iya samar da shi ba.

Alƙaluma suka ci gaba da taruwa. Wani bincike na 2017 kan mutum 25,042 da inshorar gwamnatin Amurka ta Medicare ta biya wa aikin daga 2006 zuwa 2013 ya nuna kusan rabin dala miliyan 470 da aka kashe ya tafi ne wajen gyara, sauyawa ko cire zoben. A 2025 wani babban gwaji na Birtaniya mai mutum 1,346 ya kwatanta tiyata uku. Bayan shekara uku, waɗanda suka zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu sun kai kashi 68 a tiyatar kewaye, kashi 41 a tiyatar da ake yanke mafi yawan tumbi a bar shi siriri kamar ayaba, kashi 25 kuma a zobe. Kafin wannan sakamako ya fito ma, likitoci sun riga sun koma ga waɗancan biyun.

Ga wanda ke ɗauke da shi

Wannan tarihi bai ce duk mai zobe ya garzaya a cire masa ba. Wanda ke cin abinci mai ƙarfi ba amai, ba ƙwannafi, nauyinsa ya tsaya inda ake so, ba shi da dalilin taɓa shi. Abin da ke kansa shi ne ganin likita da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, shan bitamin kullum, da motsa jiki na kamar rabin awa a yini. Wanda kuma zoben ya ƙi shi, cirewa ba abin kunya ba ne, dubbai sun riga shi. Sai dai ƙiba takan dawo bayan an cire, don haka tun kafin ranar ake tattauna abin da zai maye gurbinsa, wata tiyatar ce ko magani.

Wanda aka yi wa aikin a wata ƙasa yana da ƙarin nauyi. Ya kamata ya riƙe takarda mai sunan zoben, yawan ruwan da yake ɗauka, da yawan da ke cikinsa bayan kowane gyara. Ya kuma san tun yana lafiya wane likita ne kusa da shi ya iya taɓa mashigar, yana kuma da allurarta ta musamman, domin allurar yau da kullum tana yaga robar ta bar ta tana yoyo. Wanda ke shirin yin aikin yanzu, tambayar da ta fi kuɗin jirgi da na asibiti muhimmanci ita ce: in zoben ya toshe da tsakar dare bayan shekara uku, wa zai zuƙe ruwan, kuma awa nawa ne tsakaninsu?